Da Sauransu

Ranar Asabar da la'asar, Auta na zaune a falon mahaifiyarsa Hajiya ya miƙe ƙafa, sai ga yayarsa, Yaya Babba, ta faɗo ko sallamar kirki babu, waya a hannu.

"Hajiya, ƙaro rediyo! Ana maganar aikin su Auta!"

Auta ya gyara zama, ya ɗan taɓa hula. Shekara uku shi da matarsa suna binciken ruwan rijiyoyin bayan gari, dukansu malamai a sashe ɗaya na jami'a. Ɗalibai har sun raɗa mata suna Malamar Ruwa. Mai labarai ya karanto sakamakon tsaf, sannan ya ambaci sunanta, ya ce, "da sauransu."



"Ina naka sunan?" in ji Hajiya.

"Yana ciki, Hajiya. Haka tsarin yake a jami'a. Wanda ya fi yin aikin shi ake sawa a gaba, ragowar kuma..."

"Ragowar!" Yaya Babba ta tafa hannu. "Wayyo ni! Mun yi ta addu'a ka zama Dakta, ashe Da Sauransu muka samu! A gida ita ce gaba, a rediyo ita ce gaba. Kai kuma me kake, direba?"

Abin haushin, shi ne yake tuƙa motar. Ya yi lissafin alƙaluma, gaskiya ne, amma ita ce take shiga rana da kwalabe, ita ce take wuni a ɗakin gwaji har idonta ya yi ja.

Hajiya ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Cewa kawai ta yi, "Mahaifinku bai taɓa tsayawa a bayan kowa ba."

Kafin sati ya zagayo sunan ya bi dangi. Har ƙanen Hajiya, tsoho mai carbi, ya kira shi a waya yana cewa, "Ina gajiya, Malam Da Sauransu?" Jama'a, namiji ma fa yana da zuciya! Ana ta cewa mata ne ba sa jure gori, to a zo a ga Dakta guda yana cin abinci ba ya jin gishiri.

Takardar bincikensu ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi, ta kammalu a wannan watan. A kanta Malama ta ɗora burinta, domin kwamitin ƙarin girma ba ya duba mutum sai ya kawo aikin da sunansa ke gaba. Da safe ta miƙa masa kwamfutarta tana ɗaura ɗankwali.

"Dakta, don Allah tura wa mujallar, ina da lakca ƙarfe takwas."

Ya zauna shi kaɗai a ofis. Sunaye uku ne a jere: nata, nasa, sai na Shugaban Sashe. Ya ɗauko nasa ya kai gaba, ya mayar, ya sake kaiwa. Ya ce wa ransa ai mata da miji abu ɗaya ne, hannun dama ne ya ba na hagu. Ya danna, takarda ta tafi da sunansa a gaba.

Bayan wata biyu amsa ta zo, an karɓa. Ya dawo gida ya same ta a kicin, wayarta na kan tebur da saƙon mujallar a buɗe, tukunya na ƙonewa ba ta sani ba.

"Kuskure ne?" ta tambaya a hankali.

Da ya ce kuskure ne, da ta yarda. Ya buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Su Yaya ne suka..."

"Su Yaya ne suka shiga rijiya arba'in da ni?" Hawaye ya zubo mata. "Da ka roƙe ni, wallahi ban san me zan ce ba, amma da ka roƙa. Ni fa kwamfutata na ba ka don na ɗauka babu inda ta fi tsira irin hannunka."

Ba ta kai ƙara wurin Shugaban Sashe ba, ba ta gaya wa iyayenta ba. Ta ci gaba da gaida Hajiya kamar kullum, tana ajiye masa abinci a kan lokaci. Sai dai hira ta mutu a gidan. Sunayen masu ƙarin girma suka fito babu nata, ta karanta a allon sanarwa ta wuce aji. Shi kuwa da ta zage shi da ya fi samun sauƙi.

A al'adar sashen, mai suna a gaba shi ke gabatar da aiki a semina. Ranar ɗakin ya cika, ga malamai, ga ɗalibai, ga wani baƙon farfesa mai farin gemu daga wata jami'ar. Yaya Babba ma ta zo, ta kame a layin gaba, ta ce sai ta ga ƙanenta da idonta.

Auta ya zuba bayani kamar ruwan sama. Aka yi tafi. Sai baƙon farfesan ya ɗaga biro.

"Aiki ya yi kyau. Amma na ga kun ɗebi rijiya arba'in, kun yi lissafi da talatin da tara. Ina ta goma sha huɗu ta shiga?"

Auta ya dubi allo, ya dubi takardunsa. Ranar da aka je rijiya ta sha huɗu yana cikin mota ya kunna sanyi yana waya. Gumi ya karyo masa har cikin hula. Jefar da sakamako babu dalili, a jami'a, zargi ne mai kashe suna har abada.

Wata 'yar takarda ta biyo hannu-hannu daga layin baya har ta iso gare shi. Rubutun matarsa ne: "Akuya ce ta faɗa ciki kwana biyu kafin mu ɗiba. Hoton yana shafi na tara. Faɗa musu kamar ka sani."

Ya ɗaga kai. Tana zaune ta sunkuyar da fuska, wai don kada a gane daga inda takardar ta fito. Wadda ya zalunta ce take rufa masa asiri! Wannan kunyar ta fi ta gori sau dubu.

"Farfesa," ya ce, "ban san amsar ba. Matata ce ta rubuto mini yanzu. Aikin nata ne. Ni na sauya sunayen ba da saninta ba, don ana yi mini dariya a gida."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Yaya Babba ta ja mayafi ta rufe baki. Farfesan ya cire tabarau ya ce, "To, Malama, taso ki ba mu labarin akuyar nan."

Abin bai wuce a banza ba. Auta ya sha takardar gargaɗi, ya rubuta wa mujallar da hannunsa aka gyara sunaye, ɗalibai kuma suka yi wata guda suna kukan akuya in ya juya baya. Kwamiti ya sake zama a kan takardun Malama, ƙarin girmanta ya fito.

Da Yaya Babba ta kai wa Hajiya labari, tsohuwar ta aika aka kira su. Ta kama hannun surukarta ta ce, "'Yata, bakina ne ya tura shi. Ki yafe mana mu duka."

A mota ya kasa tayar da injin.

"Kin yafe?"

"Na yafe," ta ce, tana goge ido. "Amma yarda sai a hankali, Dakta. Ita ba a tura ta da danna maɓalli."

Ya gyaɗa kai, don ya san gaskiya ta faɗa.

'Yan'uwa, gorin dangi iska ne, yana kaɗawa ya wuce. Amanar wanda ya yarda da kai kuwa, in ka ci ta, shekaru za ka yi kana gini. Mai haƙuri hakkinsa ba ya ɓata, kuma girman miji ba a jerin sunaye yake ba, yana wurin iya cewa "aikin matata ne" da baki cike.