Gayyar Sassabe a Gonar Malam Harisu

Ranar da Mahdi ya fara ganin Rufaida, faɗa yake yi. Sabon malamin addini ne a sakandaren Ibohamane. Ya kwaso ɗalibansa zuwa wata gona da zaizaya ta tsaga biyu, babu itace ko ɗaya a tsaye.

"Ku dubi yadda aka yi da amanar Allah!" in ji shi. "Mu karanta cewa dashen itace sadaka ne, mu fito mu sare wanda Allah ya dasa, sannan mu ce ƙaddara!"

Wata budurwa ta tsaya da tulu a ka. "Malam, ka ƙare? Gonar babana ce."

Kunya ta kama shi, amma idonta ya fi kunyar kamu. Kafin rani ya raba, yana ce mata Inuwata, tana ce masa Malamina.

Sai dai maganar ta riga shi isa kunnen Malam Harisu, mahaifinta. Ga kuma Maiguwa mai sayar da itacen girki, wanda shi ma ke neman auren Rufaida, yana sauke amalanke guda na itace a ƙofar gidan kowace ranar kasuwa.

Da magabatan Mahdi suka je, tsohon ya ce, "Wanda ya mai da gonata allon karatu? Ya zo ya yi mini gayyar sassabe kamar kowane suruki. Ƙasa fes nike so, ko tsiro guda kar ya bari. In bai iyawa, Maiguwa na iyawa."

Haka ake yi tun kaka da kakanni, haka kuma ƙasar ke tafiya da ruwa kowace damina, kowa na kallo.

Mahdi ya rubuta mata: "Inuwata, in na sare, da wane baki zan koma aji? In ban sare ba, na rasa ki."

Ta amsa: "Malamina, kai dai ka zo da gatarinka."

Zuciyarsa ta yi baƙi. Ashe ita ma so take ya sare? Bai mayar da amsa ba.

Ranar gayya ya zo da abokansa. Suka share ƙaya da kara, suka jera duwatsu a bakin zaizayar. 'Ya'yan gawon da suka tsiro kuwa, gyara musu rassa ya yi, ya bar su tsaye.

Malam Harisu ya iso, Maiguwa na biye da shi yana dariya. "Malam, gatari ya fi alli nauyi, ko?"

Mahdi ya durƙusa, ya ajiye gatarin. "Baba, na tozarta ka gaban yara. Na yi laifi, ka gafarce ni. Amma waɗannan ba na iya sarewa."

Tsohon ya ɗauki gatarin ya miƙa wa Maiguwa. "To, magana ta ƙare."

Daidai nan Rufaida ta sauke ƙwaryar furar 'yan gayya, ta tsaya tsakanin gatari da ɗan gawo.

"Baba, gaban Iya ka ce in zaɓi abin da nike so cikin kayan ɗakina. Ban son gadon. Waɗanga nike so."

Mahdi ya ɗago kai ya dube ta. Sai yanzu ya gane saƙonta.

Malam Harisu ya daɗe yana duban ɗiyarsa, yana duban duwatsun da aka jera. Dattijo ba ya janye alkawari gaban jama'a.

"Maiguwa, aje gatarin. Kayan ɗiyata ne." Ya juyo ga Mahdi. "Kai kuma tashi. Ba wa'azinka ya ci ni ba, durƙusonka ne. Wanda zai yi mata ban-ruwa da tsaron awaki, kai ne."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Daren biki wayarsa ta yi ƙara: "Malamina, har yau ba ka amsa saƙona ba."

Ya rubuta: "Na amsa, Inuwata, har abada."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya raya gawo, ya raya zuri'ar da za ta sha inuwarsa.