Ledar da Inna Ta Yage

Ranar kasuwar Dungas, saura kwana shida ƙaramar salla, Hinda ta tsaya gaban teburin wani saurayi mai kayan kwalliya, idonta a kan abu ɗaya. Wani faffaɗan akwatin hoda ne mai ruwan zinare, da madubi a murfinsa da kala goma sha takwas a jere. Na salla ne, in ji masu talla a waya, kuma in ya ƙare ba a sake yin irinsa. Hinda ita ke yi wa matan Yekuwa lalle da kwalliya, kuma wata biyu ta yi tana mafarkin akwatin nan.

"Malam, wannan nake so."

Saurayin, Illa sunansa, ya dube ta, ya dubi akwatin, ya sake dubanta fiye da yadda ciniki ke buƙata.

"Ƙanwata, bar shi. Kala uku ne kawai a ciki za su zauna a fatarki."

Hinda baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi, kuma ta sha jin magana a kansa tun tana lakwal, makarantar boko. Ta ajiye akwatin a hankali, ta ce ta gode da wa'azi, ta juya. Ba ta yarda ta yi kuka a kasuwa ba.

Illa dai bai iya magana da mata ba, duk da su yake yi wa sana'a. Sai da ya bi ta hannun Fadi, ƙawarta mai sayen turare a wurinsa, kafin ya samu lambarta. Washegari da hantsi saƙo ya shigo:

"Salamu alaikum. Mai bakin nan ne na kasuwa. Ban ce fatarki ba ta kai kayan ba. Kayan ne ba su kai fatarki ba. An yi su don wasu mata can, a fuskarki toka za su zama. Ki yafe mini."

Ta karanta sau huɗu, ta yi kwana biyu tana jan aji, sannan ta amsa:

"Na yafe. Amma in haka kake korar masu saye, yunwa za ta kashe matarka."

"Babu matar tukuna. Ana cigiya."

Daga nan fa waya ta daina hutawa. Duk Juma'a da la'asar sai ga moton Illa a ƙofar gidan Malam Mainassara, mahaifin Hinda. Yana ce mata Hindatuna, ita kuma tana ce masa Mai Wa'azi. Abin da yake kawo mata ƙanana ne: gazal mai kyau, jan baki ɗaya da ya dace da ita, hodar da ba ta narkewa a rana. Hinda ta kamu da sonsa sosai, har ba ta iya ɓoyewa.

Inna, mahaifiyar Hinda, ita ce kawai ba ta gamsu ba.

"Ke Hinda, mutum da kaya tuli a tebur, ki nuna abin da kike so ya hana ki? Wannan rowa ce da aka shafa mata man baki. Ni ba zan kai ɗiyata gidan marowaci ba."

Ana cikin haka, da sallar layya ta matso, Maikuɗi mai butik, wato kanti, a Magarya, wanda ya daɗe yana aike Hinda na kaucewa, ya ji labarin akwatin. Ya tura aka saye na ƙarshe a teburin Illa, aka kai Yekuwa da sunan kado, wato kyauta. Hinda tana gidan wata amarya tana lalle. Kafin ta dawo Inna ta yage ledar, maƙwabta sun taru, kowa ta dangwala yatsa.

Fadi ce ta kai wa Illa labari, kuma ta kai shi a karkace. Saƙonsa ya zo gajere:

"Na ji an karɓa. Allah ya sa alheri."

"Ba ni na karɓa ba, wallahi. Illa, kar ka yi mini haka."

Bai amsa ba har la'asar, kuma Hinda ba ta taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba.

Malam Mainassara mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce shi ba zai yi wa ɗiyarsa dole ba, amma a gidansa ba a cin kayan mutum sannan a ce ba a san shi ba. Ko a mayar wa Maikuɗi kayansa yadda ya kawo kafin salla, ko Illa ya dakata a saurari wancan. Aka aika ko zai karɓi kuɗin, Maikuɗi ya ce shi ba ciniki ya zo ba.

Hinda ta ɗauko akwatin ta zauna gaban Inna.

"Inna, tunda an buɗe, kawo fuskarki in gwada miki."

Ta yi aikinta tsakani da Allah, ba ta yi mugunta ba. Da ta gama ta miƙa madubi. Inna ta daɗe tana kallon wata mata mai furfurar fuska kamar wadda ta kwashe murhu.

"Wannan ai sai a tsorata jikoki," ta ce a hankali. "Abin da ya gaya miki ke nan tun farko?"

"Shi ke nan, Inna."

Inna ta nemi ruwa da sabulu.

Da Hinda ta rubuta wa Illa duk yadda aka yi, amsar ta zo nan take:

"Ki yafe mini zargin, Hindatuna. Sabo ake so da ledarsa? Ki ba ni kwana uku."

A makon da masu kayan kwalliya ke yin cinikin shekara, Illa ya rufe teburinsa ya hau moto. Ya zaga Magarya butik-butik, aka ce ya ƙare tun azumi. Ya je Sassumbrum, aka ce wata ta saye na ƙarshe. Hinda kuwa abinci ya ƙi shiga, ko moton wa ta ji sai ta leƙa waje.

Rana ta uku, jajibirin salla, ya iso Yekuwa wujiga-wujiga, idanu sun faɗa, da ƙulli a ƙirjinsa. A wurin wani tsoho ya samo, a wata ƙaramar kasuwa kusa da iyaka, cikin kwalin da ba wanda ya taɓa tambaya. Malam Mainassara ya juya akwatin, ya ga leda lafiya, ya ba ƙaninsa ya kai Magarya a ranar. Hinda ta jingina da bangon zaure ta sauke numfashi don daɗi.

Inna ta leƙo daga bayan labule.

"Kai Illa, kasuwar salla ka bari saboda wannan tarkacen?"

"Inna, na sallar baɗi na nan zuwa. Hinda ce babu irinta."

Inna ta koma ciki, sai ga ta da kwanon fura da hannunta, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

Da aka bar su su biyu, Hinda ta dube shi tana dariya da hawaye.

"Mai Wa'azi, kai da ka ce bai cancanci saye ba."

"Har gobe ina kan bakana. Wancan ɗaya da na samo ne kawai ya ci kuɗinsa, tunda ya bar mini ke."

Bayan an cire gero aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Mainassara. Da za a tafi da amarya Dungas, Inna ta kama hannun Hinda ta danƙa wa gwaggon ango.

"Ku ce wa ɗana Illa na ba shi ita da zuciya ɗaya. Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuri'a mai albarka."

Matan gidan suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.