Jajayen Ƙwayoyi a Cikin Barguna

A birnin Samarkand an yi wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙoƙari, amma tana da wani hali. Ba ta son a ce ta kasa, ko da a abin da bai kai ya kawo ba.

Wata rana likitoci suka zo makarantarsu daga asibitin koyarwa na jami'a. Suna bincike ne a kan ƙarancin jini a jikin yara. Da aka gwada nata jinin, sai aka tarar ya yi ƙasa. Iyayenta suka yarda a sa ta cikin binciken.

Shugabar binciken, Dokta Nigora, ta ba mahaifiyar kwalbar jajayen ƙwayoyi. Ita kuma yarinyar ta ba ta wani kati.

"Ɗaya kowace safiya," in ji ta. "Ranar da kika sha, ki sa alama. Ranar da ba ki sha ba, ki bar wurin haka. Kin ji, 'yata?"

"Na ji, Dokta."

Kwana uku ta sha. Sai cikinta ya fara murɗawa, bakinta kamar ta tsotsi ƙusa. Maimakon ta faɗa, sai ta ja bakinta ta yi gum. Ai ƙawayenta duk katinsu cike yake.

Daga nan ta ɓullo da dabara. In Oyi, wato mahaifiyarta, ta miƙo ƙwayar, sai ta dunƙule ta a hannu ta kurɓi ruwa kawai. In Oyi ta juya, sai ta shiga ɗakin baƙi. A can akwai barguna a linke a kan babban akwati, sun kusa taɓa rufi. Sai ta cusa ƙwayar a tsakaninsu, ta dawo ta sa alama abinta.

Bayan kusan mako uku, ran wata Asabar, aka yi baƙi. Aka ɗora shinkafa da karas da naman rago. Kakarta ta ce a sauko da barguna a shimfiɗa wa mutane. Oyi ta sauke su a gurguje ta koma kicin. Babu wanda ya lura da abin da ya zube. Babu kuma wanda ya lura da ƙanin yarinyar, Asror, ɗan shekara biyu, yana tsince-tsince a ƙasa.

Ana cikin shan shayi Asror ya fara amai.

"Kankana ce," in ji kaka. "Sau nawa zan ce a daina ɗura wa yaron nan kankana?"

Amma aman bai tsaya ba. A karo na uku sai ga jini. Jikin yaron ya saki, idanunsa suka lumshe.

"Na shiga uku!" Oyi ta ƙwala ihu. Baban ya suri yaron, shi da Oyi sai mota, yarinyar ta bi su takalmi a hannu.

A asibitin koyarwar, wani babban likita mai furfura, Farfesa Tursunov, ya karɓe su. Ɗalibansa biyar suna biye da shi.

"Akwai magani a gida da hannunsa zai kai?" ya tambaya.

"Babu, Farfesa. Na yayarsa ne kaɗai, kuma kwalbar ba ta barin jakata. Ga ta ma," in ji Oyi.

Aka ɗauki hoton cikin yaron. Farfesa ya ɗaga hoton ga haske. Ɗaliban suka matso, ɗaya daga cikinsu ta dafe baki. A cikin cikin Asror ga wasu fararen ɗigo-ɗigo a cunkushe.

"Ƙwayoyi ne," in ji Farfesa. "Dole in san wane iri ne, kuma guda nawa. Yanzu nake son sani, ba an jima ba."

Yarinyar ta kalli Asror a kwance, ko motsi ba ya yi.

"Ƙwayoyina ne," ta ce a hankali.

"Me kika ce?" in ji Farfesa.

"Maganina ne. Ban sha ba. A cikin barguna nake ɓoyewa." Sai ta fashe da kuka.

Oyi ta zaro ido. "Ke? Wanda nake ba ki da hannuna? To alamar da kike sawa fa?"

Farfesa ya ɗaga hannu. "Faɗa sai daga baya. 'Yata, guda nawa kika ɓoye?"

"Goma sha tara."

Baban ya buga wa kaka waya. Ta kakkaɓe bargunan, ta tsinto bakwai.

"Sha biyu ke nan ya haɗiye," in ji Farfesa, ya juya ga ɗalibansa. "Kun gani? Maganin da ke ƙara wa babba jini, shi ne guba ga ƙaramin yaro in ya yi yawa. Ku yi maza!"

Nan da nan aka sa wa Asror ƙarin ruwa da maganin kashe gubar, aka fara wanke masa ciki.

Yarinyar tana zaune a bakin ƙofa sai ga Dokta Nigora. Ta zauna kusa da ita.

"Me ya hana ki sha?"

"Ciwon ciki yake sa ni. Na ji kunyar a ce na kasa."

Dokta Nigora ta riƙe haɓa. "Haba 'yata! Ai abin da muke nema mu sani ke nan. Da kin faɗa, da tuni na canza miki wani. Bincike ba gasa ba ne. In kika rubuta mana ƙarya, sai mu koya wa ɗalibanmu ƙarya, su kuma su je su yi wa yara dubu magani da ita."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa tunanin abin ya kai haka ba.

Kwana biyu Asror bai ce uffan ba. A rana ta uku da hantsi ya buɗe ido. Ya kalli Oyi, ya kalli baba, sai ya miƙa wa yayarsa hannu.

"Opa," ya kira ta, yadda yake kiranta a gida. "Burodi."

Oyi ta yi dariya hawaye na zuba. Farfesa ya duba shi, ya ce hatsarin ya wuce.

Yarinyar ta durƙusa a gaban mahaifiyarta. "Oyijon, uwata ta kaina, ki yafe mini."

Oyi ta jawo ta jikinta. "Na yafe. Ƙaryarki ce ta kawo shi nan, amma gaskiyarki ce ta cece shi."

Tun daga ranar ta gane abu biyu. Magani ba abin ɓoyewa ba ne a inda yaro zai kai. Kuma duk abin da ke damun mutum, ya gaya wa likita da iyayensa gaskiya tun da wuri.