Kwalbar Man Gemu

"Ka tsaya mana! In ka ƙara motsi sai ya shiga maka baki."

"Ai ya riga ya shiga. Amarya, wannan abin naki ɗaci gare shi kamar maganin zazzaɓi!"

"To wa ya ce ka lasa? Kwandishana ne, man laushin gashi, ba shayi ba."

Auta ya ƙyalƙyale da dariya. Yana zaune kan 'yar kujera, tawul a wuya, robar ruwan ɗumi a kan cinyarsa, matarsa na durƙushe gabansa tana cuɗa masa gemu da yatsunta. Mai walda ne, yini yake cikin zafin wuta da ƙurar ƙarfe. Lokacin da aka kawo ta gidan, gemun nan ya bushe kamar soson wanke tukunya, yana susa har jini ya fito. Ta rasa yadda za ta faɗa masa, sai kawai wata safiya ta ɗora ruwa ta ce ya zauna.

Tun daga ranar abin ya zame musu jiki. Ta wanke, ta shafa kwandishana ta bar shi ya jiƙa, ta ɗauraye, ta tsane da tawul. Sannan ta ɗauko wata 'yar kwalba marar takarda, wadda ta haɗa man zaitun da na kwakwa a ciki, ta ɗiga a tafin hannu, ta murza har can ƙasa inda fata take. Mataji ne na ƙarshe. Gashin da ya maƙale a jikinsa kuwa sai ta tsince shi ta jefa cikin tsohon gwangwanin madara, saboda ɗakinsu ɗaya ne, nan suke ci nan suke kwana, kuma Auta in ya ga gashi a abinci ya gama ci ke nan. In gwangwanin ya taru ta zubar.

"Jiya wani kwastoma ya tambaye ni wane shago nake zuwa gyaran gemu," in ji Auta. "Na ce masa shagon na mutum ɗaya ne, ba a karɓar baƙi."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ba su lura labulen ƙofa ya motsa ba. Yaya ce, babbar yayar Auta, da ta zo gida taya jinyar mahaifinsu. Ta daɗe a tsaye, kuma ta ga komai.

Gidan iyayensa suke zaune, ɗakinsu na can ƙurya. Baba kuwa tun da ciwo ya shanye masa ɓarin jiki yake kwance a ɗakin Inna, magana sai da ƙyar. Ita Inna dama tana da ciwon abin a rai. Da can Auta a gabanta yake karya kumallo, yanzu sai rana ta ɗaga yake leƙowa yana ƙamshi, ya gaishe ta a tsaye ya wuce shago.

Auta na fita, Amarya ta ɗauki bokiti ta nufi famfo. Da ta dawo, sai ta tarar da Inna zaune a tsakar gida fuskar nan kamar hadari, Yaya na tsaye riƙe da ƙugu. A kan tabarma ga kwalbarta, ga gwangwanin a buɗe.

"Zo nan, munafuka!" in ji Yaya. "Sumumu-sumumu kamar ba ta iya taka ƙwai, ashe mu ake takawa. Gashin wane ne wannan?"

Bokitin ya kusa suɓuce mata. Ta durƙusa.

"Ke nake tambaya," Inna ta ce a hankali, kuma wannan hankalin ya fi ihu ban tsoro. "Gashin ɗana ne?"

"Nasa ne, Inna."

"Kin ji ko! Ta amsa da bakinta!" Yaya ta tafa hannu. "Wannan kwalbar kuma fa? Ba suna, ba takarda. Wane boka ne ya ba ki?"

"Mai ne..."

"Man me? Me kike yi da shi?"

Nan fa harshen Amarya ya ɗaure. Ta yaya za ta buɗe baki a gaban uwar miji ta ce ita ke shafa wa ɗanta gemu da hannunta kowace safiya? Ita da ko sunansa ba ta iya kamawa a gidan? Ta kafa wa tabarma ido, hawaye na ɗiga.

"Na gani da idona, Inna," in ji Yaya. "Ta zaunar da shi kamar ɗan goye, tana murza masa, shi kuma sai wangale baki yake. Namijin da aka kama wa gemu ai an gama da shi! Shi ya sa ko kallonki ba ya yi."

Inna ta ɗauki wayarta. "A kira min shi."

Auta ya shigo a guje, gilashin walda na rataye a goshinsa. Da ya ji zancen sai ya fara dariya, amma da ya kalli fuskar uwarsa dariyar ta mutu.

"Haba Inna! Wallahi man gemu ne. Kin manta yadda nake susa? Ki tambayi kowa a shago..."

"Rufe min baki! Da ba ka taɓa mayar min da magana ba, yau ga shi kana yi. Me ya fi wannan shaida?"

"Yaya, don Allah filis, ki daina zuga ta."

"Ni ce mai zugi? Inna kin ji ko? Aikin ya ci!"

Inna ta miƙe. "Na aika a kira mai aski. Da la'asar za a kwashe gemun nan tas, a rabu da abin da aka shafa. Ita kuma ta tattara ta tafi gidan ubanta. In ka hana ko ɗaya, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Daga ɗakin Inna, inda Baba yake kwance, sai aka ji ƙarar kofi yana bugun ƙarfen gado — ƙwam! ƙwam!

"Kun ga har kun tayar masa da hankali," in ji Inna, ta kwashi kwalbar da gwangwanin ta shige.

A ɗakinsu, Auta ya zauna bakin gado ya dafe kai. "Ba zan sake ki ba. Ko me za a yi."

"Kada ka ja da Inna," ta ce tana ninke zannuwanta. "Gemu zai sake tsirowa. Ni ma in Allah ya yi zan dawo. Amma bakin uwa in ya fita, ina za ka same shi ka mayar?"

"To me ya sa ba ki yi mata bayani ba?"

"Na kasa."

Ya kalle ta, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya san gaskiya ta faɗa.

Tana ɗaure kaya, amma ƙarar kofin nan ba ta bar kunnenta ba. Ita ke kai ruwan wankan Baba bakin ƙofa kullum, ba ta shiga, ba ta ɗaga kai sosai. Sai dai mai sunkuyar da kai ma yana gani. Ta sha ganinsa yana goga haɓarsa a kafaɗa, yana goga ta a matashi. Ta ga farin gari-gari a wuyan rigarsa. Ta ga in baƙi sun zo dubiya yana juya fuska bango, su Inna su ce ciwo ne ya sa ya gaji da mutane. Ta san wannan gugar, ta gan ta a wajen ɗansa. Sau da yawa maganar ta zo mata baki, kunya ta mayar da ita.

La'asar ta kusa. Ta ja mayafi, ta je ta durƙusa a bakin ƙofar Inna, Auta na bayanta riƙe da jakarta.

"Inna, zan tafi. Ki yafe min."

"Allah ya kiyaye hanya," Inna ta ce ba tare da ta juyo ba. Tana ƙoƙarin ba Baba abinci a cokali, yana kawar da kai.

Amarya ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma. In ta tafi da maganar nan a ciki, wa zai faɗa?

"Inna... Baba ba ƙin abinci yake ba. Gemunsa ne ke masa ƙaiƙayi."

"Innalillahi!" Yaya ta zabura. "Kin gama da ɗan, yanzu uban kike hari? Fita!"

Ƙwam! ƙwam! ƙwam! Baba ya buga kofin har ya faɗi ƙasa. Kowa ya juya. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, wanda shi ma rawa yake, ya nuna kwalbar da ke kan taga. Sannan ya nuna haɓarsa. Bakinsa ya karkace yana neman kalma.

"Ke..." ya ce yana kallon Inna. "Da... ke ma... kina yi."

Cokalin ya tsaya a hannun Inna.

Ta ajiye kwanon a gefen gado. A hankali ta sa yatsu ta buɗa farin gemun da ya cukurkuɗe ya dunƙule. Abin da ta gani ya sa ta ja numfashi. Fatar ta bushe ta tsattsage, wani wajen ya yi ja, wani ya yi ɓawo. Ana masa wanka, ana canza masa kaya, ana ba shi magani a kan lokaci, amma ba wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin gemun. Mutumin da a da ba ya fita sai ya tsaya gaban madubi, ita kuma ta shafa masa mai tana tsokanarsa, kafin 'ya'ya da hidima su sa ta bari har ta manta.

"Malam..." ta ce. "Tun yaushe?"

Hawaye ya gangaro masa ya shige cikin gemun.

Ba wanda ya aiki Amarya. Ta tashi ta haɗo ruwan ɗumi, ta kwance kayanta ta ciro kwandishana da mataji da tawul, ta turo su daga bakin ƙofa, ta koma ta durƙusa. Inna ta kalli kayan, ta kalli kwalbar. Ta buɗe ta, ta shinshina.

"Zaitun ne," ta ce kamar mai magana da kanta.

"Inna, kada ki..." Yaya ta fara.

"Matsa min daga haske."

Inna ta jiƙa gemun. Daga ƙofa Amarya ke magana ƙasa-ƙasa, idonta a ƙasa. "A bar shi ya ɗan jiƙa tukuna, Inna... A fara tajewa daga baki-baki, kada ya ji zafi."

"Na sani," in ji Inna a gajarce. Can kuma ta ce, "Haka?"

"Haka."

Da man ya kai ga fata, Baba ya lumshe ido ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauka. Auta ya juya baya yana goge fuska da hannun riga.

Inna ta gama tajewa, ta tsince farin gashin da ya cika matajin. Ta tsaya da shi a hannu tana waige-waige. Ga kwanon abincin Malam a buɗe a gefe, ga iskar fanka na kaɗawa. Ba ta son ta yar a ƙasa ya tashi ya faɗa ciki. Idonta ya sauka kan gwangwanin madarar nan. Ta miƙa hannu ta jefa gashin a ciki.

Sai ta tsaya cak, tana kallon farin gashi a kan baƙi.

Yaya ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Salamu alaikum! Mai aski ne!" aka kwaɗa daga zaure.

Auta ya kalli uwarsa. Inna ta share ido da bakin zani.

"Ka ce ya shigo ya daidaita wa babanka gefe-gefe. Kai kuma uban wa ya ce ka tsaya min da jaka a ƙofa kamar ɗan dako? Mayar mata da kayanta ɗaki!" Ta juyo wajen Amarya. "Ke kuma, 'yar nan, baki gare ki ko babu? Da kin bari na raba ki da mijinki a kan man zaitun?"

"Kunya ce, Inna."

"Kunyar da ta kusa kashe aure! Taso nan." Ta kama hannunta ta riƙe gam. "Ki yafe min. Kishin ɗa ne ya rufe min ido."

"Ba komai, Inna, wallahi."

"Amarya, sori," in ji Yaya, murya ciki-ciki. "Wannan haɗin... in na koma, mijina ma nasa kamar tsintsiya yake."

Wani sauti ya fito daga gado. Sai da suka duba suka gane Baba ne ke dariya.

Tun daga ranar, ruwan ɗumi biyu ake ɗorawa a gidan da safe. In Amarya ta gama da Auta, sai ya wuce ɗakin Inna ya riƙe mata roba tana gyara wa Baba nasa, a nan yake karyawa kamar da. Baba kuwa ya daina juya wa baƙi baya.

'Yan'uwana, zato mugun abu ne, yana mayar da kulawa ta zama laifi a idon mai kallo, don haka a tambaya da taushi kafin a yanke hukunci. Haƙuri da biyayya ba sa tashi a banza, Amarya ta ga ribarsu. Sai dai kunya ma tana da iyaka. Ba lokacin da ta yi shiru aurenta ya tsira ba, sai lokacin da ta daure ta buɗe baki saboda ciwon wani.