Kwalbar da Yaya Ba Ta Rufe Ba

Rana na shirin faɗuwa Yaya ta ce in raka ta ɗakin gwaje-gwaje, ta manta kwalba ɗaya a buɗe. A wurin aiki ni mataimakiyarta ce, a gida kuma ƙanwa, ka ga ba ni da bakin musu.

Shekara huɗu muna abu ɗaya. Akwai wani rini da ƙwayoyinsa ba sa haske in suna sake, rawar kai ta yi musu yawa. Sai mu cusa kowacce cikin wata ƙwayar mai rami kamar zobe. Da ta rasa wurin motsi sai ta kama haske a ƙarƙashin fitilar gwaji, matsi na ƙaruwa, launi na sauyawa. Yaya na kiran su baƙo da mai masauki. Ni dai kurkuku nake gani.

Kwalbar da ta manta zobba ne zalla a ciki, babu baƙo ko ɗaya. Ba ta da dalilin haske.

Muka tarar tana ci jawur kamar garwashi, fitilar kuwa a kashe.

Ɗakin na warin ƙonannen gashi. Firji ya yi tsit. A cikin kwalbar ana ƙas-ƙas, kamar farce a jikin gilashi.

Na kama hannunta na ce mu tafi. Amma Yaya kunnen ƙashi gare ta in ta ga sabon abu. Ta sunkuya, hancinta dab da bakin kwalbar.

Wata siririyar murya ta fito daga ciki: "Na matsu."

Na fara addu'a, muryar ta ci gaba:

"Ba a fita sai wani ya shiga. Ku kuka gina shi haka."

Gaskiya ne. Da baƙo muke korar baƙo.

Yaya ta ja numfashi sau ɗaya. Jan hasken ya mutu. Iska mai zafi ta gifta kunnena, ƙofa ta bugu, Yaya ta zube.

Kwalbar ta koma shuɗiya.

Na danna murfin. Ban san yadda na ja Yaya waje ba.

Wata bakwai ke nan tana kwance, ido buɗe, likitoci sun ce ba su ga komai ba. Kwalbar na cikin akwatina. In na kira sunan Yaya sai shuɗin ya ƙara haske. Na san abin da take jira, na kuma san yadda ake yi. Amma ina da goyo, kuma tsoro nake ji. Kullum da safe nakan ɗora yatsa a kan murfin, in ba ta haƙuri, in mayar da kwalbar akwati.