Wanda Ya Saci Kukan Makwarwa

Da hantsi Munira ta shiga komisariyar 'yan sandan Mirriya, ƙura har idon sawu. Mai binciken tsuntsayen daji ce, daga Zinder aka turo ta dajin Gouna ita kaɗai, ta ƙidaya makwarwar da suka rage.

"An sace mini na'ura shekaranjiya," ta ce wa Insifekta Suma'ila. "Ita ke yin kukan makwarwa, na cikin ciyawa su amsa, ni kuma in ƙirga. Na rataye ta jikin gawo na je salla."

"Tana da tsada?"

"Ba tsadar ke damuna ba. In ta shiga hannun maharbi, zai kira 'yan da suka saura har bakin tarko."

A gindin gawon, Insifekta ya durƙusa. Sawu ɗaya ne, gajerun taku, kusa da kowane taku akwai ramin sanda.

Duk da haka ya fara da Mai Nasara, maharbin garin.

"Na bar farauta tun bara, ranka ya daɗe."

"Wannan gashin da ke wuyan rigarka fa?"

"Na zabuwar matata ne."

"Matar da aka ce ta yi yaji da zabinta tun kaka?"

Mai Nasara ya sosa ƙeya. "To, na taɓa ɗaya. Amma ni da bakina nake kira, me zan yi da inji? Ku nemi makwarwar da ke kuka bayan gari da asuba. Ba ta canza wuri, ba ta canza murya."

Gida ɗaya ne a bayan gari, dangarsa duk ta zube. Baba Tanimu na zaune a tabarma, sandarsa a gefe. Murhu babu ko toka mai ɗumi.

"Baba, kana jin makwarwa a nan?"

"Ni kunnena ya mutu, ɗana. Ba na jin komai."

A hankali Insifekta ya yi tambayar, amma ga shi tsohon ya ji sarai. Insifekta ya yi masa sallama.

Washegari bayan asuba ya dawo ya tsaya jikin dangar. Kukan ya taso daga cikin ɗaki. Ya ɗaga asabari. Tsoho na rungume da na'urar, idonsa a rufe.

"Ni na ɗauka," ya ce. "Da kukan nan muke fita gona ni da matata Shatu. Ita ta rasu, yara suna Kano, tsuntsun ma ya bar gonar. Da na ji shi a jikin gawo, sai hannuna ya tafi."

"Sun amsa maka?"

Tsoho ya sunkuyar da kai. "Ɗaya ta biyo kiran har bakin danga jiya. Karnukan gari suka riga ni."

Insifekta ya kashe na'urar ya sa a jaka. Ɗakin ya yi tsit.

"Tashi mu je, Baba. Ka ja ƙofarka."

"Bar ta a buɗe, ɗana. Ba mai zuwa."

Ya miƙa masa sandarsa, suka nufi mota.