Mai Kuskuren Kamfani

Wani dare mutanen Unguwar Sama, a Birnin Tsauni, suka ji kuka irin na akuyar da aka manta a turke, amma da amon ƙarfe a ciki. Daga kamfanin huluna yake fitowa. Gyarau ce, na'urar koyo, yunwa ta dame ta.

Ita Gyarau idanunta na gilashi ne, suna rataye a kan kowane maɗinki. In allura ta kauce sai ta haɗiye kuskuren, ta narkar da shi, da safe ta koya wa kowa yadda ba za a sake ba. Abincinta ke nan. To, an yi ta gyara har kuskure ya ƙare ƙaf.

Washegari Injiniya Sallau, shugaban sashen inganci, ya kira tsoho Barau, wanda duk garin babu mai hannunsa a zare.

"Baba, an ƙara maka girma. Daga yau kai ne Mai Kuskure."

"Mai me?"

"Hukuma tana son ganin inganci yana hawa duk wata, in ba haka ba a rufe mu. In babu ɓarna me za mu gyara? Ka riƙa karkata ɗinki, Gyarau ta samu abin koyo."

Ran Barau ya ɓaci. "Yaro, da gangan? Ni? Ka sa sababbin zuwa mana!"

"Ai ba su iya kuskure ba, Baba. Tun ranar farko Gyarau ta hana su."

Barau ya tuna rabin unguwa a nan suke cin abinci, ya zauna yana huci. Ga shi Gyarau ba ta cin kuskure ɗaya sau biyu, kullum sai sabo. Barau ya yi ta ƙirƙiro ɓarnar da ba a taɓa gani ba. Kamfani ya ci kambin inganci, aka yi walima, ba a gayyace shi ba.

Rannan maƙwabcinsa Jatau ya kawo masa hular sallarsa da ta yage. Barau ya sa allura, hannun ya kauce da kansa. Ya warware, ya sake. Ya kauce. Gumi ya karyo masa, mutanen da ke zaune a dakali suka sunkuyar da kai.

Jatau ya daɗe yana kallon yatsun, sannan ya ce, "Wai Malam Barau, ita na'urar nan, ranar da ta gama koyo, za ta maido maka da hannunka?"